Shafin Da Ya Ƙi Buɗewa A Lambu

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina fatan motar ta sauke ki lafiya, kin tarar da ɗakinku da abokan zamanki yadda kika bar su. Allah Ya tsare min ke a hanya, Ya tsare ki a masauki, Ya raba ki da sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani. Ummanku tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki yajin da ta ɗaure a leda biyu na ƙasan jaka ne, kada ki jawo kaya da ƙarfi ki zubar.

Kin san tunda aka sa miki sunan mahaifiyata bakina bai taɓa iya kiran sunan nan ba, kuma ban iya yi miki faɗa sosai ba. Shi ya sa na zaɓi in rubuta. In na zaunar da ke zan yi magana, tsohon malamin gona ne yake tashi a cikina, in yi ta zuba kamar ina gaban taron manoma, ke kuma ki sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi har in gama. A takarda kuwa kina iya ajiye ni in na ishe ki, ki ci abinci, ki dawo ki ɗauke ni.

Maganar da kika yi min ranar da kike haɗa kaya ita ta sa ni wannan dogon rubutu. Kin ce in kin koma za ki je ofishin makaranta ki ajiye kwas ɗin kwamfuta, domin ba a koya muku komai, kuma kin gane kanki ba zai ɗauka ba. Ban amsa miki a lokacin ba. Ba don ban ji ba ne. Abin ya taɓa ni ne ƙwarai, kuma na san in na buɗe baki a wannan lokacin ba zan faɗi abin kirki ba.

Bari in maimaita abin da ya faru yadda ni na gan shi, don ina jin ni da ke ba abu ɗaya muka gani ba. Kin yi hutun nan kusan kullum a gaban kwamfutarki kina haɗa wa lambuna shafin intanet, don masu neman dashen mangwaro da gwaiba su riƙa ganin abin da nake da shi. Ranar da kika nuna mana a tsakar gida, wallahi na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Ga hotuna suna wucewa da kansu, ga sunana da manyan baƙaƙe, ga ni tsaye a tsakiyar dashe da hulata ta Juma'a. Murnar ce ta sa ban tsaya shawara da ke ba. Washegari da Alhaji Sule ya zo daga Funtua sayen dashe, na jawo shi gindin ɗorawar da ke lambu na ce, "Alhaji, zo ka ga aikin ɗiyarka." Na ciro wayata na danna inda kika nuna min. Abin ya yi ta juyawa, muna tsaye, har na fara ba shi labarin ruwan bana don in cike shirun. Can sai hoton ya fara saukowa daga sama, hulata ta fito, goshina ya fito, daga nan ya tsaya cak. Rubutun kuma ya hau kan juna, rabinsa ya fice ta gefen waya. Alhaji Sule ya leƙa, ya ce, "To, Malam, hula dai ta iso. Mai ita yana hanya." Muka yi dariya, ya ɗauki dashensa ya tafi.

Na dawo gida na ba da labarin ina dariya, domin ni a wurina abin dariya ne. Ban lura da fuskarki ba sai da na ji kin rufe kwamfutar. Wannan gangancina ne, ki yafe min.

Game da malaminku kuwa, ba zan ce miki kin yi ƙarya ba. Na yarda da duk abin da kika faɗa. Mutumin da zai shigo aji ya juya muku baya, ya cika allo da rubutun da ya kwafo daga takarda, ya ce ku haddace, ɗakin kwamfuta kuma a kulle yau babu wuta gobe babu mai makulli, har jarrabawar haɗa shafi ma da biro ake yi, wannan ba koyarwa yake yi ba. Kina da gaskiya ki ji haushi. Abin da nake so ki sani kawai shi ne ni ma na taɓa zama a irin wannan ajin, kuma na san abin da haushin nan yake ci in aka bar shi.

A makarantar koyon aikin gona akwai wani malami da ya koya mana feshi. Famfon feshin yana sito a kulle, shi kuma ya zana shi a allo, da kibiyoyi suna nuna sunan kowane ɓangare. Mun shekara muna zana famfo. Ni ne na fi kowa iya kwaikwayon muryarsa da yadda yake gyara tabarau da ɗan yatsa, don haka in an tashi daga aji sai a taru a gindin bishiya, in hau kan benci in yi musu shi, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Na yi suna da wannan. A cikin shekarar nan ba a taɓa hana ni zuwa gonakin da ke bayan makaranta ba, inda ake feshin auduga kowace damina. Ban je ba, domin ina ganin tunda haƙƙin malami ne ya koya min, in na je na koya da kaina kamar na sauke masa nauyi ne.

Da aka tura ni aiki wani ƙauye ta wajen Kafur, aka tara min manoma in nuna musu feshi. Na san sunan kowane ƙarfe a jikin famfon nan da Turanci. Na goya shi, na fara bugawa, ashe ban ɗaure murfin da kyau ba. Maganin ya bi ta bayana har cikin wando. Na yi kwanaki ina kwana rub da ciki saboda ƙaiƙayi. Malamin nan yana can yana cin tuwonsa, bai ma san an yi ba, bayana ne ya biya. To ki ji haushinsa, Uwata, amma ki ba haushin lokacinsa kaɗan ki tashi. In kin ga an kafa majalisar zagin malami, ki gaishe su ki wuce. Majalisar tana da daɗi, na fi kowa sani, amma ba a fita daga cikinta da komai a hannu.

Ba kuma cewa nake ki daina shiga ajinsa ba, ko ki raina shi. Ki shiga, ki gaishe shi da ladabi, ki haddace abin da ya ce a haddace, ki ci jarrabawarsa. A gidanmu da muna yara haka tsarin yake. Da safe kowa yana gandu, wato babbar gonar gida, ana noma abin da maigida ya ce, yadda ya ce, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. In an tashi daga gandu sai kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa ya zama nasa shi kaɗai. A gayauna babu mai ce maka shuka kaza. In ta yi kyau naka ne, in ta lalace babu wanda za ka nuna da yatsa. Duk abin da na iya na noma, in na faɗi gaskiya, rabinsa a wannan ɗan filin na koye shi, domin a gandu umarni nake bi, a gayauna kuwa dole in yi tunani. Ajin malaminku gandu ne. Kwamfutar da ke kan cinyarki in kin dawo ɗaki ita ce gayaunarki, kuma babu wanda ya kulle ta ya tafi da makulli.

Sai dai ita ma gayaunar na taɓa yin wauta a cikinta. Shekarar farko da kakanki ya yanka min tawa, zumuɗi ya sa na zuba mata komai: masara, auduga, kuɓewa, wake, har da kabewa. Ina so in an wuce a tsaya a kalla. Aka kuwa tsaya aka kalla, domin kabewa ta bi ta shaƙe kowa, kuma da abin ya lalace ban ma san wanne ne ya kashe wanne ba. Sai da aka yi kaka, sannan kakanki ya ce min, "Baɗi ka shuka abu guda, ka san halinsa." Na tuna da wannan ne da kika ce min yawancin shafin nan ba ke kika rubuta ba, wani shiryayye kika samo a intanet mai hotuna masu motsi, kika cire sunan masu shi kika sa nawa. Ban ga laifinki ba, kina so ki burge ni ne, kin kuma burge ni. Amma shi ya sa da ya lalace kika rasa ta inda za ki kama shi.

Ni ban san aikinku ba, iyakata abin da kika yi min bayani ina shan koko. Kin ce akwai wanda ake kira HTML, shi ne yake jera magana, ya ce wannan kai ne, wannan bayani ne, nan hoto zai zauna. Akwai kuma CSS, mai kula da launi da girma da inda kowane abu zai tsaya. In haka ne, ki fara da na farkon shi kaɗai. Ki yi shafi fari fat, mai suna da layi kaɗan na bayani, wanda kowane baƙi a cikinsa yatsunki ne suka buga shi. Ki ɓata shi da gangan ki ga abin da zai faru, ki gyara. Sai kin san halinsa sannan ki ƙara launi, sannan hoto guda. Zai yi muni da farko, ƙawayenki ma za su iya yi miki dariya. Masu koyarwa a bidiyo da kike kallo suna da amfani, amma kallo yana da ruɗi, mutum yana gani ana yi sai ya ji kamar ya iya. Ki riƙa tsayar da bidiyon kina bugawa da hannunki, ko da layi ɗaya ne. In kin maƙale kuma ki tambayi wanda ya fi ki a cikin 'yan ajinku ba tare da jin kunya ba, ki kuma koya wa wanda kika fi.

Yanzu ga babban abin da ya sa na ɗauki biro. Shi ne kuskuren da ya fi cin shekaruna, kuma shi ne na gani a wayata a gindin ɗorawa.

A aikinmu akwai abin da ake kira gonar gwaji. In an kawo sabon iri, malamin gona zai nemi fili a bakin hanya ya shuka, don masu wucewa su gani su yi sha'awa. Ni kuwa na ƙware a wannan. In aka ba ni iri sai in nemi fili mafi kyau, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa kusa da fadama, in zuba mata taki a kan lokaci, a yi mata noma a kan lokaci. Akwai shekarar da masarar gwajina a hanyar Malumfashi ta fi ni tsawo, direbobi suna rage gudu suna kallo, manyanmu suka zo suka ɗauki hoto da ni a ciki. Na tara manoma na yi musu jawabi. Suka ce, "Madalla, Malam, Allah Ya saka da alheri." Da damina ta zagayo, mafi yawansu tsohon irinsu suka shuka. Na yi ta faɗa a ofis cewa mutanen nan taurin kai gare su, ba sa son ci gaba. Na daɗe ina faɗin haka, kuma har zuciyata na yarda da shi.

Abin da ya buɗe min ido ba wani ne ya yi min wa'azi ba. Wata shekara ce na kai ragowar irin nan gonarmu ta gado, wadda kin sani, tudu ce mai tsakuwa, ga wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye ƙarfin hatsi. Takin da na samu a shekarar bai taka kara ya karya ba, kamar na kowa. Masarar da ta fi ni tsawo a bakin hanya, a gonar ubana da ƙyar ta kai min ƙugu. Na tsaya a tsakiyarta ina kallo. Irin ba shi da laifi, manoman ma ba su da laifi. Ni ne nake gwaji a ƙasar da babu wanda yake da irinta, sannan in ce a je a yi yadda na yi. Daga shekarar na koma neman fili mafi wahala a ƙauye in yi gwajina a can. Gonakina suka daina kyan hoto, manya suka daina zuwa. Amma abin da ya tsira a wannan ƙasar, in na ce a shuka, ana shukawa.

Uwata, shafinki bai ƙi buɗewa don kanki ba ya ɗauka ba. Kin yi gwajinki ne a fadama. Kwamfutarki mai faɗin fuska ce, hotunan suna cikinta ba sai sun yi tafiya ba, kuma kina zaune a tsakar gida inda sabis yake da ƙarfi. Mutanen da za su nemi dashena kuwa irin wayata gare su, ƙarama, mai tsagaggen gilashi, suna tsaye a gona ko a kasuwa inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, kuma datarsu 'yar kaɗan ce suna lallaɓa ta. Hoton da kika ɗauke ni da shi mai nauyi ne, ya yi wa hanyar lambu yawa, shi ya sa hula kaɗai ta samu wucewa. Ke da bakinki kika ce min akwai yadda ake rage nauyin hoto, akwai kuma yadda ake sa rubutu ya bi girman kowace waya, sai dai ba a koya muku ba. To ga abin koyo nan ya zo ya same ki har gida. Da malaminku ya koya muku shi a allo, da yanzu kin haddace kin manta. Yanzu kuwa ba na jin za ki taɓa mantawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan. Masu iya haɗa shafi suna da yawa a manyan birane, amma yawancinsu ba su taɓa tsayawa a gindin ɗorawa suna ɗaga waya sama don neman sabis ba. Ke kin tsaya. Kin san mai sayar da iri a kasuwar Funtua, kin san matan da ke yin man gyaɗa a unguwarmu, kin san yadda suke riƙe waya nesa da fuska suna karanta rubutu a hankali. In kika bar wannan aiki, ban san wanda zai yi musu shi yadda zai buɗe a hannunsu ba. Wannan ba dalili ba ne da zai sa ki zauna cikin abin da ba kya so, amma ina so ki sa shi a ma'auni in kina auna maganar.

Ba zan hana ki zuwa ofis ba. Ke ba yarinya ba ce, kuma ban taɓa tilasta miki karatu ba, ba zan fara yanzu ba. In kin auna kin ga zuciyarki ba ta wurin, ki ajiye, ki dawo, ɗakinki yana nan, babu wanda zai yi miki gori a gidan nan muddin ina raye. Roƙona guda ne. Kada ki yanke hukunci da ɗacin ranar nan a bakinki. Ki ba shi wannan zangon karatun, ki yi gandunki da safe, ki yi gayaunarki da yamma, sannan ki yanke.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki ci abinci, na san halinki in kin sa abu a gaba sai ki manta da cikinki. Ki kula da idanunki, ki riƙa tashi kina miƙe ƙafa. Kada ki bar kwamfutarki a wurin caji ki tafi, ko da kin ga fuskar mai wurin ta mutanen kirki ce.

In kin duba ƙaramin aljihun jakarki na gefe, inda na sa wannan takarda, za ki ga wani abu naɗe a cikin hankicina. Wayata ce. Na cire layina na sa a 'yar ƙaramar wayar Ummanku mai maɓalli, don haka in za ki kira ni, lambata tana nan, sai dai wataƙila ita za ta fara ɗauka ta riƙe ki da labari. Ummanku ta ce na haukace, wai da me zan riƙa ganin hotunan da masu sayen dashe suke turo min. Na ce mata shekara nawa na yi ina sayar da dashe kafin a san hoto a waya, wanda yake so zai zo lambu da ƙafarsa. Ki sa layinki a ciki, ki nemi lungun da sabis ya fi rauni a makarantarku, duk abin da kika haɗa ki gwada shi a can. Wayar tana da jinkiri, tana zafi, batirinta ba ya daɗewa. Ita ce ƙasa mafi wahala da nake da ita, shi ya sa na yanka miki ita.

Ban goge komai a ciki ba. In kin danna wurin nan da kika nuna min za ki same ni yadda Alhaji Sule ya bar ni, hula da goshi. Ba ni da wata wayar da zan kalli shafi da ita sai kin dawo min da wannan. In kin dawo hutu, ko me kika yanke, za mu gangara lambu tare, mu tsaya a gindin ɗorawa, ke za ki danna da hannunki. Na tsufa da tsayuwa a hanya, Uwata. In Allah Ya ba ki iko, ki ƙaraso da ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ni nan. Ya dawo min da ke lafiya kamar yadda kika fita lafiya.

Ni ne mahaifinki,
mai jiran ki a lambu.